DARASI: BIRAN ƘASAR BAKOLORI DA AMANAR DA KE WUYANMU

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, Ya kuma ɗauki nauyin cin kowa da shansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga halitta baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.



Dalilin wannan darasi

Wata Asabar bayan la'asar na shigo aji na tarar rabin ɗalibai ba su nan. Da na leƙa bayan makaranta sai ga su sun yi da'ira, ana ta sowa. Wani yaro ne ya zo da ɗan biri ɗaure da igiya a ƙugu, igiyar har ta ci fata, ana tsokanarsa da kara yana kuka yana neman abin da zai rungume. Na ce, ina uwarsa? Aka ce an kashe ta a gonar masara, shi kuma aka ciro shi daga ƙirjinta. Na ce, to ba ku jin tausayinsa? Sai wata ɗaliba 'yar aji uku ta ce, "Malam, ai babu laifi. An ce biri mutum ne da ya saɓa wa Allah aka mai da shi haka."

Ɗan birin nan bai isa yaye ba. Tuwo da shayi aka riƙa ɗura masa, kwana huɗu ya mutu. Maganar yarinyar nan kuwa ba ita kaɗai ke da ita ba, a gida ta ji, kuma ni kaina da ita na tashi. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi wa abin karatu, mu ga me addini ya ce, me kuma ke faruwa da waɗannan bayin Allah a ƙasarmu.

Kashi na ɗaya: Shin biri la'ananne ne?

Gaskiya ne Alƙur'ani Mai girma ya ba da labarin wasu mutane da suka ƙetare iyaka game da ranar Asabar, Allah Ya shafe su Ya mai da su birai. Ku duba Suratul Baƙara aya ta 65, da Suratul Ma'ida aya ta 60, da Suratul A'arafi aya ta 166. To amma fa wannan azaba ce da ta sami waɗancan mutane su kaɗai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa an tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko birai da aladun da ake gani suna daga waɗanda aka shafe. Ya bayyana cewa waɗanda aka shafe ba a bar musu zuriya ba, kuma akwai birai da aladu tun kafin wannan al'amari. Kun ji fa. Birin da kuke gani a kan tsamiya ba jikan kowa ba ne sai biri, kuma bai taɓa saɓa wa Ubangijinsa ba.

Sa'an nan a Suratul An'ami aya ta 38 Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi, su ma al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Wato suna da iyaye da 'ya'ya, da wurin kwana, da hanyar neman abinci, da ajali. Wanda ya san wannan aya ba zai kalli garken birai ya ga abin wasa ba.

Game da namansa kuwa, Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya kawo zance biyu a mazhabarmu ta Malikiyya, karhanci da hani. Ibn Abdil Barri, babban malamin Andalus, ya ambata cewa bai san saɓani tsakanin malamai ba a kan ba a cin biri kuma ba a sayar da shi. Daga nan ne Bahaushe ya sami karin maganar nan da ke cewa biri a hannun malam guɗa yake yi, kun san ƙarashenta. Ma'ana, ya san ya faɗa hannun da ba za a cuce shi ba. Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce: yau in biri ya faɗo hannunmu, mu almajirai, guɗa zai yi ko kuka?

Kashi na biyu: Biran da ke ƙasarmu

Iri uku aka fi sani a ƙasar Hausa.

Na farko jan biri. Shi ne mai jan gashi da dogayen ƙafafu, ya fi son fili da saura da daji mai ƙaya. A ƙasa yake yini, kuma duk cikin dangin birai na duniya babu mai gudunsa, yana kai kilomita 55 a awa. Namiji babba ɗaya ne ke tare da garken mata da 'ya'ya a mafi yawan shekara, shi ne mai tsaye a kan suri ko kututture yana duba hanya. Abincinsa ƙaro da fara da sauran ƙwari da 'ya'yan itace. Garke ɗaya yana yawo a fili mai faɗin gaske, wanda kan kai murabba'in kilomita 30 ko fiye. Da dare sukan warwatsu, kusan kowa da itacen da zai kwana a kai. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

Na biyu kirka, mai baƙar fuska da farin gashi a goshi da doguwar wutsiya. Shi ba ya nisa da ruwa da manyan itatuwa, don haka bakin gulbi da kurmi da lambuna su ne gidansa. Shi ya fi sabawa da mutane, shi ne kuma ɓarawon mangwaro da gwaiba.

Na uku gwaggon biri, wanda ake ce wa bika, babba mai baki irin na kare, mai son duwatsu. Wanda ya je Yankari a jihar Bauci ya ga yadda suke shiga har inda baƙi ke sauka suna fizgar abinci.

Macen jan biri tana ɗaukar ciki wata biyar da rabi, ta haifi ɗa guda tak, sau ɗaya a shekara, kuma sai ta kai wajen shekara 3 kafin ta fara haihuwa. Ku gwada da akuyar gidanku mai haifar biyu biyu, ko ɓera da ke cika rumbu cikin damina ɗaya. Dabbar da ke haihuwa ɗaya ɗaya, in aka rage ta, ba ta saurin komawa yadda take.

Kashi na uku: Abin da ya sami mazauninsu

Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. Dattawanmu suna ba da labarin cewa a da bakin gulbin nan cike yake da kanya da ɗinya da ɓaure da tsamiya, kuma in hatsi ya nuna yara ba su da aiki sai tsaron biri, a hau rumfa tun asuba ana kaɗa gwangwani. Yau yaro yakan girma a garuruwan nan bai ga biri ba sai a hannun mai wasa ranar kasuwa.

A 1974 aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi ginin, aka gama a 1978. Tafkin da ya taru a bayanta ya rufe ƙasa kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin cika. Mutane kimanin 13,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu. A gaban madatsar kuma katafila ta bi ta baje ƙasa don a shimfiɗa filin noman rani na wajen hekta 23,000, itatuwan da kakanni suka bari a gonaki suka tafi. Rigimar diyya ta yi tsanani har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka auka wa manoman da suka tare hanyoyin aikin, aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Can ƙasa kuma, fadamun da ambaliyar gulbi ke shayarwa kowace shekara ruwansu ya ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a ƙauyuka da dama.

Ba muna cewa madatsa sharri ce ba. Shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasar da ake nomawa da rani, da kifin tafki, duk ni'ima ce, da yawanmu da ita aka ciyar da mu aka biya mana kuɗin makaranta. Abin lura shi ne, idan mutum mai baki da hujja da sarki da alƙali ya sha wannan wahala kafin a saurare shi, to ina ga dabbar da ba ta da bakin kai ƙara? Ruwa ya ci kurmin da take kwana, katafila ta ci itacen da take ci, babu wanda ya auna mata diyya.

Bugu da ƙari, jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996 ta haura miliyan 3 a ƙidayar 2006. Kowane baki yana son gona, kowace tukunya tana son itace. Saurar da a da ake bari ta huta shekaru, yanzu kowace damina ana nome ta.

Kashi na huɗu: Ƙofofi biyar da birai ke ƙarewa ta cikinsu

Ta ɗaya, saran itatuwa. Masu gawayi sun fi son ƙirya da marke, masu itacen girki kuma ba su zaɓe. Tun da rashin tsaro ya yi ƙamari a jiharmu daga wajen 2011, mutane da yawa sun bar ƙauyukansu sun taru a manyan garuruwa, dajin nesa ba ya shiguwa, sai nauyi ya koma kan itatuwan da ke kusa da gari. Mun ce jan biri kusan kowa da itacen kwanansa. In itatuwa sun ragu, garke ba shi da wurin kwana, kare da mutum su same shi a sauƙaƙe.

Ta biyu, ruwa. Da rani biri yana bukatar sha, mashayar da ya sani kuwa yanzu an kewaye ta da lambu ko an kafa injin ban ruwa. Dole ya ratso ta cikin albasa da tumatir kafin ya kai baki ga ruwa, daga nan sai a ce ɓarna ya zo yi.

Ta uku, guba. Wasu sukan zuba maganin ƙwari a cikin masara ko gyaɗa ko mangwaro su ajiye a bakin gona. Guba ba ta da ido. Mai ɓarna ya ci, mai shayarwa ta ci, karen maƙwabci ya ci, tsuntsun da ya sauka kan mushen ya ci, wani lokaci yaron da ya tsinci mangwaron ne.

Ta huɗu, farauta da karnuka, musamman farautar gayya ta rani da ake cinna wa daji wuta, duk abin da ya fito a bi shi, wanda ake ci da wanda ba a ci.

Ta biyar, kamun 'ya'ya don wasa ko sayarwa. Ku sani, uwar biri ba ta sakin ɗanta tana da rai. Saboda haka kusan duk ɗan birin da kuka gani sanye da 'yar riga yana rawa a kasuwa, uwa aka kashe kafin a same shi, kuma da yawa suna mutuwa tun kafin su isa kasuwar, kamar wanda aka kawo makarantarmu. Kuɗin da kuke jefa wa mai wasa, shi ne kuɗin kamo na gaba.

Bari mu yi ɗan lissafi, mu ƙaddara misali. Garke yana da mata 10 masu haihuwa. 'Yan matan da ke tasowa kowace shekara suna maye gurbin waɗanda tsufa da ciwo suka ɗauke, don haka garke yana tsaye a 10. To sai mutane suka shiga kashe uwa 2 kacal a shekara. Bana saura 8, baɗi 6, sai 4, sai 2. Shekara 5 garken ya ƙare, alhali babu wanda zai ce shi ya ƙarar da shi, kowa ɗaya ya kashe. In da akwai wani garke kusa, da sai ya matso ya cike gurbin. Amma idan gonaki da garuruwa da hanyoyin mota sun raba daji gunduwa gunduwa, gurbin da ya faɗi ya faɗi ke nan.

Kada wani ya ce, haba Malam, biri ai ba ya ƙarewa. Ku tambayi iyayenku labarin ungulu. A da kowace mahauta da kowace kasuwa baƙi ƙirin take da su, yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. Guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu suka ci ta, har a 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. Ita wannan ƙungiya a 2020 ta ɗaga jan biri daga sahun waɗanda ba a damu da su ba zuwa sahun waɗanda suka kusa shiga haɗari. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na ire-iren dangin birai a duniya suna fuskantar ƙarewa, kashi 75 kuma yawansu raguwa yake yi. A Suratur Rumi aya ta 41 an gaya mana cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa aikin hannun mutane ce. Ga tafsirinta nan muna gani da ido.

Kashi na biyar: Kukan manomi da hukuncin shari'a

Yanzu sai wani ya ce, Malam, kai albashi kake ci ko? Ni ma ɗan manomi ne, kuma na san abin da garken birai ke yi wa masara cikin safiya ɗaya: ya ɓare wannan ya gatsa ya yar, ya kama wancan. Na san mutumin da ya ci bashin taki, abincin shekarar iyalinsa ke tsaye a gonar nan. Addini bai ce ya naɗe hannu ba. Kare dukiya yana cikin abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa.

Sai dai malamai sun shimfiɗa ƙa'idoji. Cuta ana gusar da ita, amma ba a gusar da ita da wata cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Ana fara tunkuɗe mai ɓarna da mafi sauƙin abin da zai kore shi, in ya ƙi a matsa gaba. Lalura kuma gwargwadonta ake ɗauka. Saboda haka idan wani biri guda ya zama annoba, an kora, an tsare, an yi shinge, ya ƙi, ko yana cizon mutane, to ya halatta a kashe shi, kisa mai sauri ba tare da azabtarwa ba. Amma a zuba wa garke duka guba saboda ɓarnar 'yan kaɗan, wannan ya wuce gona da iri.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi daga cikin Annabawa da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidan tururuwar duka, Allah Ya yi masa wahayi na zargi a kan ya hallaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah (S.A.W.) ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da su. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kun san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Muslim kuma ya ruwaito hani ga mai da abu mai rai abin gwajin harbi. To ku masu danƙo da gwafa, wannan naku ne.

Ku auna ɗan birin nan na bayan makaranta da waɗannan hadisai. An raba shi da uwa, an ɗaure shi, ba a ba shi abincin da zai rayu ba, an mai da shi abin tsokana. Laifi huɗu a igiya ɗaya. Laifi tudu ne, ni ma na taka nawa, domin da na karantar da wannan tun farko da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta kafa doka mai lamba 11 a kan farauta da cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu.

Kashi na shida: Maganar cuta

Kun ji ana ƙyandar biri. An fara ganin cutar ne a 1958 a jikin wasu birai da aka ajiye a ɗakin bincike a Kwapanhagan ta ƙasar Denmak, daga nan sunan ya bi su. A 1970 aka fara samunta a jikin mutum a Kwango, ta kuma sake ɓulla a Nijeriya a 2017. Masana sun fi zargin dangin ɓera da kurege da ɗaukar ƙwayar, biri shi ma kamuwa yake yi kamar mu. Don haka sunan cuta ba hujjar kisa ba ne. Amma darasin da ke ciki shi ne a bar biri a dajinsa. Kada a ajiye shi a gida, kada a taɓa mushensa, kada a ci. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka.

Kashi na bakwai: Abin da za mu iya yi

Musulunci ya daɗe da sanin keɓe wuri don maslaha. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza, wannan shi ake kira hima. Akwai kuma harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko gulbi ko gari wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya hana jama'a ba. Daga nan muka sami kalmarmu ta hurumi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin waɗannan hukunce-hukunce na ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi. Ashe ke nan barin itatuwan bakin gulbi ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai, fiƙihunmu ne muka bari.

Ga abin da nake ba mu shawara, ɗalibai da iyaye:

1. A bar wa bakin gulbi da bakin tafki huruminsu. Kada a sare kanya da ɗinya da ɓaure da tsamiyar da suka rage. Birin da ya ƙoshi a kurmi ba ya yawan damun gona, kuma ƙwallon da ya ci ya kasayar a wani wuri shi ke tsirowa ya zama itacen gobe. Saiwoyin nan kuma su ke riƙe gaɓa kada ƙasa ta zube ta cike mana tafki.

2. A yi koyi da maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun wajen 1983 manoma a can suka shiga barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani. Da wannan dabara ƙasa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a Jamhuriyar Nijar. Ba kuɗi ake sa wa ba, wuƙa ce da haƙuri.

3. Tsaron gona a yi shi karɓa karɓa tsakanin maƙwabta, manya su riƙe safiya da yamma lokacin da birai suka fi fitowa. Kada a cire yaro daga makaranta wata guda don tsaron biri, a tsare masara a yi asarar yaro. Shari'a ta yarda da ajiye kare don gadin shuka. Shingen ƙaya yana taimakawa, haka shuka barkono a gefen da ke kallon daji, a sa masara da gyaɗa daga ciki.

4. Kada a ba biri abinci da hannu, kada a bar shara a buɗe. Wanda ya saba da abincin mutane ya daina tsoron mutane, ƙarshensa cizo, ƙarshen cizo kisa.

5. Kada mu sayi ɗan biri, kada mu ba mai wasa da shi ko sisi. In kun ga an kamo, ku gaya wa babba, a sanar da mai gari ko ma'aikatan gandun daji.

6. Kowane aji ya dasa itace biyar a damina mai zuwa, ya kuma raine su har su fi ƙarfin akuya. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Ashe ko kanyar da biri ya ci a itacenka tana cikin mizaninka.

Gargaɗi: ban ce kowa ya shiga daji neman birai ba. Kun san halin da muke ciki, Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Aikinku a gida yake da makaranta da gonakin bakin gari.

Kalmomin Larabci na darasi

Ƙirdun: biri. Jam'insa ƙiradatun.
Mas'hu: shafe halitta a mai da ita wata.
Fasadu: ɓarna.
Hima: wurin da shugaba ya keɓe don maslahar jama'a.
Harimu: hurumi.
Rifƙu: sassauci da tausasawa.

Tambayoyi

1. Kawo hujjar da ke nuna biran yau ba zuriyar waɗanda aka shafe ba ne.
2. Ambaci ire-iren birai uku na ƙasar Hausa da wurin da kowanne ya fi so.
3. A wace shekara aka gama madatsar Bakolori, kuma ta wace hanya aikin ya taɓa mazaunin birai?
4. Garke yana da uwaye 12, ana kashe 3 kowace shekara bayan waɗanda ake maye gurbinsu. Shekara nawa zai ƙare?
5. Manomi ya zo maka da kukan birai sun dame shi, yana so ya sa guba. Me za ka ce masa, da wace hujja, kuma wace mafita za ka ba shi?
6. Aikin gida: ka zauna da kakanka ko wani dattijo a unguwarku, ka tambaye shi namun daji da itatuwan da ya sani yana yaro waɗanda yanzu babu su. Ka rubuto sunayensu da ajami da boko, ka kawo ranar Asabar.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai waɗanda Mai rahama ke jin ƙansu. Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Shi ne Mafi sani.